Na ƙara amfilifaya biyu a 'yar Corolla ta, ashe aikin duk a waya yake

Ranar da na yanke shawarar warware aikin sautin motata gaba ɗaya ina hanyar dawowa daga Daura ne bayan isha'i, na ɗan wuce Mashi kenan, sai na lura duk lokacin da ganga ta buga cikin waƙa fitilun gaba sai su yi kamar suna ƙifta ido, hasken dashbod ma haka, in kiɗan ya lafa su dawo daidai. Da farko har abun ya so burge ni wallahi, wai mota na rawa da kiɗa. Can sai na fara jin wani ƙauri kamar ana ƙona leda, na sauke gilas na ce ko daga gonakin bakin hanya ne, ina, daga ƙarƙashin kujerata yake fitowa. Kashe rediyon na yi na ƙaraso Katsina shiru ba abun da nike ji sai ƙarar taya da bugun ƙirjina, don hanyar nan da dare ba wurin tsayawa ba ne mutum ya ce zai buɗe bonet.

Motar Corolla ce ta 2006 'yar Kwatano, ni ne na biyu a hannu. Aikina yana kai ni Daura kusan duk sati, kilomita 80 ne ko kusa da haka, to mutum shi kaɗai a mota dole ya nemi abun da zai ɗebe mashi kewa. Shekara biyu da suka wuce na sa rediyo Pioneer mai filash da Bluetooth, sannan wani yaro a bakin titi ya haɗa mani amf guda ɗaya, wato amfilifaya mai ƙara ma sauti ƙarfi, da wufa mai inci 12, babbar sifikar nan mai fidda bes, a but. Amf ɗin nan an rubuta 3000W a jikinshi da manyan haruffa masu ƙyalli, ni kuma a lokacin lambar kawai na gani na ce a ɗaura. Shi kaɗai ke ɗauke da sifikun ƙofa da wufar duka.

Washegari da sassafe na kai ta wajen wani dattijon mai rewaya da abokin aikina ya daɗe yana yi mani kwatancenshi, can wajajen Ƙofar Ƙaura. Mutum ne marar yawan magana. Ya buɗe bonet ya bi wata jar waya da yatsa tun daga kan batir har inda ta shige cikin mota, ya ɗago ya kalle ni ya ce “Alhaji kana da sauran shan ruwa a duniya.” Ashe wayar ba fiyus ko ɗaya a kanta, kai tsaye aka murɗa ta a kan batir, kuma ta wani rami mai kaifi aka zura ta ba roba, ƙarfen ya ci bayanta har ana hango zaren ciki. Ƙarƙashin kafet kuma inda aka yi mata ƙari aka naɗe da salatif duk ta narke ta manne. Ya ce da ta taɓa jikin mota sosai babu abun da zai katse wutar, batir zai yi ta turawa ne har wayar ta yi ja, kafet ya kama.

Sai ya ciro amf ɗin ya juya gefenshi ya nuna mani fiyus ɗin da ke jiki, guda ɗaya ne mai lamba 30. Ya ce in yi lissafi da kaina. Mota in tana kunne wutar ta ba ta wuce bolt 14.4, ka ninka da amfiya 30, ka samu 432. Wato ko sama da ƙasa za su haɗe abun da zai iya shiga cikin amf ɗin nan bai wuce wat 432 ba, in ya wuce fiyus ya tsinke, kuma cikin wannan ɗin ma kusan rabi zafi yake zama. To daga ina 3000 za ta fito? Na yi shiru. Ya ce wat ɗari biyu da 'yan kai kake ji Alhaji, sauran fenti ne.

Nan na fara sanin akwai lambar da ake kira RMS, ita ce ƙarfin da amf zai iya bayarwa a jere ba tsayawa, ita ake dubawa, ba waccan ƙatuwar lambar ta jikin kwali ba. Har rediyon mota da ake rubuta ma 50W sau huɗu, ainihin abun da yake ba kowace sifika bai cika wuce wat 15 zuwa 22 ba. Shi ya sa in ka ƙure murya sai ka ji sauti ya fara kakkaryewa kamar mai mura, ba sifikar ce ta lalace ba, rediyon ne numfashinshi ya ƙare.

Shawarar da muka tsaida ita ce a raba aikin biyu. Amf ɗaya mai layi huɗu ya ɗauki sifikun ƙofa, wat 75 kowane layi, sai wani daban mai layi ɗaya wanda suke ce ma mono ya ɗauki wufa ita kaɗai, wat 500. Kafin in sayi komai oga ya sa muka zauna kan benci da biro da bayan kwalin sigari muka lissafa wutar da za su ja. Monon kilas D ne, irinsu ba su cika ɓarnar wuta ba, kamar kashi 80 cikin ɗari na abun da suka ja yana zama sauti, to zai ja wajen amfiya 43 in an ƙure shi. Mai layi huɗun kuma kilas AB ne, ya fi ɓarna, shi ma wajen 38. Ka ga an haura 80 kenan, altanetar motar tawa kuma da ya duba jikinta 80 ɗin ce gaba ɗaya, ga fitilu ga esi ga famfon mai duk ita suke jira. Na ce to oga ai abun ba zai yiwu ba kenan. Ya ce zai yiwu, don waƙa ba ƙara ɗaya ba ce miƙaƙƙiya, tana hawa tana sauka, a matsakaici ko kashi ɗaya cikin uku na wannan lissafin ba lallai ta ja ba, amma in sani ba ni da rarar da zan yi wasa da ita, kuma kada in ƙara wani amf na uku nan gaba in ba zan canza altaneta ba.

Kano na je sayen kayan, kasuwar Sabon Gari. Ba zan ja labarin ba, na dai sha yawo na sha zaƙin baki, kowa nashi ne orijina. Dabarar oga na riƙe, duk wanda aka miƙo mani sai in juya in duba fiyus, in ɗaga in ji nauyi, in nemi inda aka rubuta RMS da om nawa, shi om ma'aunin turjiyar da sifika ke yi ma wuta ne. Ƙarshe na hannu na saya guda biyu waɗanda aka ciro daga motocin waje, duk sun sha ƙarce amma na sa aka haɗa su da batir a gabana aka gwada kowane layi ɗaya bayan ɗaya kafin in biya. Mai shagon har ya fara ƙosawa da ni yana cewa malam ko injiniya ne, na ce a'a, wanda maciji ya sara ne in ya ga tsumma sai ya gudu.

Inda na sake faɗawa rami shi ne waya. Na sayo wani ƙunshi da ake saidawa a leda, komai a ciki, jar waya mai kauri kamar babban yatsa, gidan fiyus, wayar RCA ta ɗauko sauti daga rediyo zuwa amf, har da 'yan ƙulle-ƙulle, ga arha. Ina murna na kawo ma oga. Ya yanki ɗan guntu ya feɗe, wallahi robar ta fi zaren ciki yawa, kaurin duk na banza ne. Ya ciri zare ɗaya ya kankare da reza sai ga fari fat a ciki, ya kunna ashana ya kara sai zaren ya lanƙwashe ya zube kamar toka. Alminiyam ne aka shafa ma jan ƙarfe a baya. Ya ce irin wannan wutar da take ɗauka ba ta kai biyu bisa ukun ta jan ƙarfe tsantsa ba, kuma in ta sha damina ɗaya bakinta yakan yi farin gari ta fara zafi. Shi bai ma yarda ya sa ta ba, ya ce in kai wani wurin in na matsa.

Mafitar ashe tana nan cikin gari ban sani ba. Wajen masu saida kayan sola ya tura ni, na sayo wayar batir ta jan ƙarfe mai milimita 25, mita biyar, wadda ta ɗan fi abun da 'yan sauti ke kira geji 4 kauri, sai mai milimita 10 ta rabawa zuwa kowane amf. In ba a samu wannan ba wayar walda ma tana yi, ga laushi ga jure zafi. Kuɗɗin wayar nan da fiyus da kawunan da ake matsewa a bakinta sun kusa rabin kuɗɗin amf ɗaya, na ji zafin fitar da su ƙwarai, don abu ne da za a binne ƙarƙashin kafet ba wanda zai gani balle ya yaba.

Wufar tawa ta da ta riga ta ƙone rabi, in ka danna ta da hannu kana jin tana ƙarzar wani abu a ciki, sai na sayi wata mai inci 12 mai naɗin waya biyu a ciki, kowane naɗi om 4. Nan ma akwai lissafi, in ka haɗa su jan da ja baƙi da baƙi sai su koma om 2, in ka jera su ɗaya ya shiga ɗaya su zama om 8. Monon nawa a om 2 yake bada 500 ɗinshi, to haɗin farko muka yi. Akwatin kuma kafinta na ba aiki a unguwarmu, katakon MDF mai kauri milimita 18, rufaffe ruf ba rami, cikinshi kamar lita 35. Sai da na tsaya a kanshi ya bi duk kusurwoyin da gam ya toshe, shi a ganinshi ƙaramin kabad yake yi, yana ta tambayata ko a sa mashi ƙofa da hannu.

Ranar Asabar muka yi aikin, tun ƙarfe takwas har bayan la'asar, sallah da cin abinci kawai ke tada mu. Abun farko oga ya cire kan batir na negetif ya ajiye gefe, ya ce ma yaranshi duk wanda ya maida kafin ya ce zai gamu da shi. Aka fidda kujerar baya, aka ɓalle robobin bakin ƙofa. Babbar wayar ta bi ta cikin wata roba da kamfani ya riga ya sa a bangon da ke tsakanin inji da cikin mota, ya huda robar daidai kaurinta, ya kuma sa mata riga daga waje saboda zafin inji. Gidan fiyus mai 100 ya ɗaure kusa da batir, ya auna da hannunshi daga gwiwar hannu zuwa yatsa ya ce kada ya wuce kamu ɗaya, wato santimita 45 ke nan. Na tambaye shi ai amf ɗin suna da nasu fiyus a jiki, wannan na mene ne kuma, ya ce na jikin amf amf yake karewa, wannan kuma waya yake karewa da motar da mai motar, duk tsawon da ke tsakanin batir da fiyus ba shi da mai gadi shi ya sa ake gajarta shi.

A but wayar ta shiga wani ɗan ƙarfen rabawa mai fiyus biyu, 50 na mono 40 na ɗayan. Sai wayar negetif, wadda ni da a tunanina ko'ina ka samu noti ka ɗaura shi kenan. Oga ya fi ɓata lokaci a kanta fiye da komai. Ya nemi wuri mai kaurin ƙarfe a ƙasan but, ya sa samfefa ya goge fentin har ƙarfe ya fito yana walƙiya kamar sabon kwano, ya huda bayan ya leƙa ƙasa ya tabbatar ba tankin mai ko bututun birki a wurin, ya ɗaure amf biyun a noti ɗaya, ko wace waya gajera kuma kaurinta ɗaya da jar, sannan ya shafe da giris kada tsatsa ta shiga. Ya ce wuta zagaye take, yanda ta shigo haka za ta koma, in ka buɗe mata ƙofar shiga ka matse ta fita ba ka yi komai ba.

Wayar RCA mai ɗauko sauti daga rediyo ta gefen fasinja aka bi da ita, ta wutar kuma gefen direba. Rediyon nawa baki biyu gare shi a baya ba uku ba, to ɗaya ya tafi wufa, ɗayan ya tafi mai layi huɗu aka danna wani maɓalli a jikinshi ya raba ma duka huɗun. Abun da na rasa shi ne ba zan iya rage na baya in bar na gaba daga rediyo ba, na ce ba komai.

Da aka maida batir aka kunna, tashar rediyo ta kama, sauti ya fito tas, yara suna tafi. Na sa filash ɗina, ɗif. Shiru. Na maida gidan rediyo ya dawo, na koma Bluetooth ya sake ɗaukewa, fitilun amf ɗin duka biyu su mutu. Gabana ya faɗi na ce shi kenan mutanen Kano sun yi mani. Oga ko motsi bai yi ba, ya kira babban yaronshi ya ce zo nan, wace waya ka ɗaura ma rimot? Ashe a bayan rediyo akwai shuɗiya zalla akwai shuɗiya mai farin layi. Mai farin layin ita ce ke tada amf duk lokacin da rediyo ke kunne, zallar kuma ta eriya ce, sai ana kan tasha take kawo wuta. Yaron ya ɗauki ta eriya. Minti biyar aka gyara, amma ni na riga na tsufa da shekara guda.

Sai saita gen, wanda nan ne na ga bambancin mai sani da mai kwaikwayo. Ɗan maɓallin nan da ake murɗawa a jikin amf yawancin mutane sun ɗauka na ƙara murya ne sai su ƙure shi, ni ma haka nawa na da yake a ƙure, shi ya ƙone mani wufa. Aikinshi kawai daidaita amf da ƙarfin abun da rediyo ke turowa. In ya yi yawa sai amf ya nemi bada abun da ba shi da shi, kan sautin ya gutsure, naɗin sifika ya yi ta zafi har ya ƙone. Oga ya cire wayoyin sifiku duka, ya kashe duk wani ƙarin bes a rediyo da amf, ya kai murya 30 cikin 40, ya sa na sauko da wata ƙara miƙaƙƙiya a wayata mai 50Hz, shi Hz ma'aunin kaurin sauti ko sirantarshi ne, ya ɗora mita a bakin monon. Lissafin shi ne ka ninka wat da om, sai ka nemi lambar da in ta ninka kanta za ta ba ka wannan. 500 sau 2 dubu ɗaya, wato bolt 31.6 kenan. Ya yi ta murɗawa a hankali har mita ta nuna 31 ya tsaya. Na ƙofa kuma da ƙara mai 1000Hz, amf ɗin zai iya 75 amma sifikuna masu 60 ne, 60 sau om 4 ya ba da 240, ya tsaida a 15.5. Daga nan ya koma kan maɓallan tace sauti, ya sa HPF a 80Hz don kada bes mai nauyi ya je ƙofa, LPF ma a 80Hz don kada murya ta je wufa. Ya ce mani daga yau 30 ce iyakarka, in ka wuce kai ka sani.

Na ɗauka an gama. Ina fita titin IBB sai na ji wani siririn kuka cikin sifiku, fiiii, in na taka totur ya hau in na saki ya sauka kamar sauro ya samu kunne. Na juyo. Muka cire RCA daga amf kukan ya ɗauke, to ba daga but yake ba, daga gaba yake zuwa. Aka sake zaro rediyo, ashe baƙar wayarshi tun aikin yaron farko a wani ɗan sukurun dashbod take maƙale wanda rabinshi roba ya kama. Aka ja mata sabuwa zuwa ƙarfe mai kyau, sauro ya mutu. Akwai wani ɗan abu da ake saidawa a maƙala ma RCA wai yana kashe kukan, oga ya ce wannan rufe ciwo ne da tsumma.

Wani abun kuma ni na gano shi da kunnena bayan kwana biyu. Ni mai son tsofaffin waƙoƙin kalangu ne da na kotso da gurmi, to sai na ji kalangun ba ya da ciki, kamar ana buga shi a ɗaki na uku, in na karkatar da sautin gefe ɗaya kuma sai ya cika. Na koma na faɗa ma oga, ya ɗauko ƙaramin batirin tocila mai bolt 1.5 ya dinga taɓa wayar ko wace sifika muna kallo, uku suka turo waje, ta ƙofar direba ta shige ciki. An juya mata waya, tana ja lokacin da 'yan uwanta ke turawa suna cinye juna. Da aka gyara, kai! Nan na ji kuɗɗina. Kalangu ya dawo gabana kamar makaɗin na zaune kan dashbod, kana jin lokacin da ya matse tsarkiya da hammata muryar gangar ta hau, kana rarrabe 'yan amshi ɗaya ɗaya. Kuma abun mamaki duk wannan daga ƙofa yake fitowa, wufar da na fi kashe ma kuɗɗi kusan zaman kashe wando take in irin wannan kiɗan ne, sai waƙoƙin yaran yanzu na situdiyo take samun aiki. Karatun Alƙur'ani da tafsiri ma haka, muryar malam ta fito garau ko ina gudu gilas a sauke.

Ƙifta idon fitila dai bai tafi duka ba. In ina tsaye a danja da dare esi na aiki, mita na nuna 14.2 sai bes ya buga ta faɗo 12 da ɗan wani abu. Abokai suka yi ta ce mani in sa kafasita, wannan gwangwanin mai lambobi masu haske da ake ɗaurawa a but. Oga ya ce kafasita randa ce ba rijiya ba, ba ta ƙirƙirar wuta, abun da aka zuba mata take bayarwa kuma altanetar nan dai ita za ta sake cika ta. Abun da ya yi shi ne ƙara waya uku masu kauri a gaba kan waɗanda kamfani ya sa, daga altaneta zuwa kan batir da fiyus ɗinta, daga negetif ɗin batir zuwa jikin mota, daga inji zuwa jikin mota. Batirin ma ya tsufa, mai 45Ah ne, wato yawan wutar da yake ajiyewa, na canza mai 62. Yanzu ko ya buga ba ta sauka ƙasa da 13.4, in ba ka ƙura ido ba ba za ka ga komai ba.

Da bazara ta shigo kuma sai zafi. Wanda ya san Katsina a watan Afrilu ya san rana na haura digiri 40, but ɗin motar da ta wuni a rana kuwa tanderu ne. Sau biyu mai layi huɗun na ɗaukewa a hanya jar fitila ta kama, sai ya huce ya dawo. Laifina ne, ni na sa aka kwantar da shi kan kafet don ya ɓuya, kuma ina jibga mashi darduma da jaka a kai. Muka ɗaga su duka kan allon katako a bayan kujera da ɗan tsayi a ƙasa iska na wucewa, aka sa ƙaramar fankar kwamfuta mai bolt 12 tana tashi tare da su. Monon shi ko ɗumi kawai yake. Da hunturu kuma ƙura ce ke cika haƙarƙarin jikinsu, duk sati biyu nike bi da burushin fenti.

Lambar mota ta baya ita ma ta dame ni da kakkarwa, daga waje in ka ji sai ka rantse gwangwanaye ake ja, guntun tsohon tub na yanka na sa a bayanta. Na kuma yi gangancin manna wannan baƙin abun mai kwalta da ake liƙe rufin kwano da shi a cikin ƙofa ɗaya don ta daina rawa, rana ɗaya ta buga shi motar ta koma warin sabon titi, mai ɗakina ta ce ba ta ƙara shiga sai na cire. Na kwana biyu ina kankara da kananzir.

Sai abun kunyar da ya same ni a bikin wani abokinmu a Sabuwar Unguwa, aka ce ango na son kiɗa kafin mai kayan sauti ya iso, na buɗe but ina ta hura hanci, mota a kashe, kusan awa ɗaya da rabi. Da na zo tafiya ko ƙyas, kuma motar otomatik ce ba a tura ta, da babbar riga ina yawon neman mai wayar jan wuta. Wani tsoho da ke zaune ƙofar gidanshi tun ɗazu yana kallonmu ya ce “ɗana, da ka tambaye ni da na ce maka ka rage, jikata ba ta da lafiya a ciki.” Wallahi maganar ta fi mutuwar batirin yi mani ciwo. Tun ranar in na shigo unguwa ko na doshi masallaci ko asibiti ko shingen jami'an tsaro hannuna da kanshi yake zuwa kan maɓalli, kuma dama duk ranar da na ƙure a hanya in na kwanta sai in ji kunnena na ƙara shi kaɗai.

Da ƙaramar sallah za mu Daura gaida su Hajiya, ga buhun shinkafa ga jarkar mai ga akwatunan yara, but ya ce bai san zance ba, akwatin wufa ya cinye kusan rabi. Mai ɗakina ta tsaya riƙe da ƙugu ta ce Abban yara ko dai mu ko gangarka. Na cire fiyus ɗin monon, na kwance waya biyu na naɗe bakinsu, ni da ƙanena muka ciccibo akwatin muka ajiye a zaure. Muka je muka dawo da sifikun ƙofa kaɗai, kalangu na tashi yara na amshi a baya, sai da muka kusa shigowa gari ma na tuna babu wufa. Yau sati biyar kenan akwatin na nan a zaure an ɗora mashi buta da takalman makaranta, ƙanen nawa kuma kullum sai ya tambaye ni nawa zan bar mashi shi, shi Golf gare shi, na ce ya fara kai ta wajen oga a duba altanetarshi tukuna.